FASHIN BAƘI: Kotu ce ke karya babakeren kamfanonin fasaha, ko gasar kasuwa?

A watan Agustan 2024, Mai shari'a Amit Mehta na kotun tarayya da ke Washington ya yanke hukuncin cewa Google ya saɓa doka wajen kare babakeren da ya yi a harkar bincike a intanet. An bayyana wa kotu cewa a 2021 kaɗai kamfanin ya biya irin su Apple da Samsung dala biliyan 26.3 domin manhajarsa ta zama wadda mai waya zai fara tararwa. Sai dai a Satumban 2025 alƙalin ya ƙi tilasta masa sayar da Chrome, yana mai la'akari da yadda manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT suka fara sauya kasuwar.

Tarihin Amurka ya nuna cewa ba kasafai kotu ke raba irin waɗannan kamfanoni ba. An raba kamfanin tarho na AT&T a 1984, aka fitar da kamfanonin yankuna bakwai daga cikinsa. Amma ƙarar da gwamnati ta shigar da IBM a 1969 janye ta aka yi a 1982, sannan kotun ɗaukaka ƙara ta soke umarnin raba Microsoft gida biyu a 2001.

Da wannan ne masu cewa a bar kasuwa ta yi aikinta suke kafa hujja: ƙananan kwamfutoci ne suka rage ƙarfin IBM, wayoyin hannu kuma suka rage na Microsoft.

Sai dai hujjar ta tsallake wani abu. Watanni kaɗan bayan an kai IBM kotu, ya fara sayar da manhaja daban da kwamfuta, matakin da ya buɗe kasuwar da Microsoft ya bunƙasa a cikinta. Masana da dama kuma na ganin shari'ar Microsoft ce ta sa ya yi taka-tsantsan a daidai lokacin da Google ke tasowa. Wato doka ce ke hana babba toshe hanya, sabon mai gasa kuma ya samu damar wucewa.

Yanzu kotu ta haramta wa Google ƙulla yarjejeniyar da za ta hana abokan hulɗarsa ɗaukar manhajojin wasu, ta kuma umarce shi ya ba masu gasa da shi wasu bayanan bincike. Abin jira a gani shi ne ko hakan zai isa, ganin cewa an bar shi ya ci gaba da biyan su Apple kuɗi.