Kowa ya zama matuƙi a ruwan Amstadam

A Amstadam, babban birnin ƙasar Holan, da zarar rana ta fito lokacin bazara sai hanyoyin ruwa su cika da ƙananan jirage marasa rufi. Mutum shida ko takwas a ciki, abinci a tsakiya, wanda ke tuƙi kuwa sau da yawa ranar ce ya fara. Ta waya suka yi hayar jirgin na awa biyu ko uku, aka nuna musu gaba da baya da yadda ake tsayawa, suka kama hanya. Kamfanoni irin su Mokumboot da Boaty sun ginu a kan wannan sana'a, kuma ba Holan kaɗai ba ce: GoBoat ya fara a Kopenhagen a 2014, daga baya ya isa Landan.

Dokar ƙasar ce ta fara buɗe ƙofa. A Holan, jirgin da tsawonsa bai kai mita 15 ba, kuma gudunsa bai wuce kilomita 20 a awa ba, ba ya buƙatar lasisin tuƙi. A cikin gari ma gudun da aka yarda da shi kilomita 6 ne a awa, kusan tafiyar mai sauri a ƙafa. Sai injin lantarki ya zo ya kawar da sauran wahalar. Ba jan igiya, ba warin fetur, ba ƙara. Wanda bai taɓa riƙe sitiyarin jirgi ba zai iya lallaɓawa. In aka raba kuɗin haya tsakanin abokai, abin ba ya da nauyi. Ga kuma ƙasa ce mai yawan hadari da ruwan sama, don haka yinin da rana ta haska ba a wasa da shi.

Akwai alheri a nan da bai kamata a raina ba. An fara haƙa manyan hanyoyin ruwa uku na birnin, Herengracht da Keizersgracht da Prinsengracht, a 1613, don fatauci da gidajen attajirai, kuma UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2010. Shekaru da dama, wanda ba shi da jirgin kansa sai dai ya shiga babban jirgin yawon buɗe ido mai rufin gilashi, ya zauna inda aka ajiye shi, ya saurari abin da lasifika ke faɗa. Yanzu ɗalibi da ma'aikacin asibiti suna iya bi ta ƙarƙashin gadojin garinsu a lokacin da suka ga dama.

Amma ruwan ba fili ba ne. Akwai gidajen kan ruwa kusan 2,500 a birnin, mutane na kwana a ciki da 'ya'yansu, taga daf da inda jirage ke wucewa. Injin ya yi shiru, mutanen cikin jirgin ba su yi ba. Ihu, waƙa, giya, kwalabe, da sabon matuƙi da ya ruɗe a bakin gada ya tare wa babban jirgi hanya. Shi ya sa hukumar birnin ta hana kiɗa ta lasifika a kan ruwa, kuma tun 2019 ta ƙayyade fasinja 12 ban da matuƙi ga jiragen shaƙatawa. Matuƙin da barasa ta wuce ƙa'ida a jininsa hukunci na jiransa, kamar direban mota.

Abin da ya fi damuna shi ne bangon gaɓa. Galibinsa bulo ne da aka ɗora kan turakun katako tun zamanin keken doki. Ranar 1 ga Satumba 2020 wani ɓangaren bangon hanyar ruwa ta Grimburgwal ya rufta cikin ruwa, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Binciken da ya biyo baya ya gano ƙasan ruwan ya yi zurfi fiye da kima a wurin, aka kuma danganta hakan da farfelar jiragen da ke juyawa a nan. Manyan jirage ne suka fi ɗaukar wannan laifi, ba ƙananan na haya ba, sai dai kowane ƙarin jirgi ƙarin cunkoso ne, cunkoso kuma shi ke sa manyan su riƙa taka burki da ja da baya da ƙarfi. Birnin na da kusan kilomita 200 na irin wannan bango da gadoji sama da 800 da yake dubawa yana gyarawa, da kuɗin harajin mazauna.

Daga 1 ga Afrilu 2025 tsakiyar birnin ta zama yankin da aka hana sababbin jiragen shaƙatawa masu hayaƙi, tsofaffin kuma aka ba su wa'adi. Mataki ne mai kyau ga iska, amma a ganina yana magance hayaƙi ne ya bar yawa. Jirgin lantarki ɗari a ƙarƙashin gada ɗaya cunkoso ne kamar na dizal ɗari. Birnin ya riga ya amince da wannan hujja a kan tudu, lokacin da ya sa iyakar kwanan baƙi miliyan 20 a shekara a 2021. A kan ruwa ma lissafin da ya rage shi ne jirage nawa Prinsengracht za ta ɗauka a yammacin Asabar, da kaso nawa na kuɗin haya zai koma gyaran bangon da jiragen ke bi ta gefensa.