Faɗuwa Ɗaya Ba Ta Tabbatar da Farfaɗiya a Kare

Kare ya yanke jiki ya faɗi, yana shure-shure, kumfa a baki, sai a ce farfaɗiya ce. Faɗuwa ɗaya ba hujja ba ce. Maganin ƙwari da ya lasa, ƙarancin sukari a jini ko ciwon hanta duk kan jawo haka, shi ya sa likitan dabbobi ke fara gwada jini. Farfaɗiyar gado takan ɓulla ne tsakanin wata 6 da shekara 6 da haihuwa, kuma maimaituwa take yi. Wani zai ce ai ya farfaɗo har ya ci abinci. To, mai yiwuwa abin da ya kayar da shi yana nan. Lokacin da yake jijjiga, kada a sa masa hannu a baki, ba ya haɗiye harshensa. In jijjigar ta wuce minti 5, a garzaya da shi asibitin dabbobi.