Tamarine: Ƙofar da Ba Ta Buɗu Ba Sai a Karo na Bakwai

Mata 128 ne ke fara gasar tanis ta Wimbledon a birnin Landan kowace shekara. Idan aka shiga mako na biyu, goma sha shida ne kawai suka rage, su ne 'yan zagaye na huɗu. Wadda ta tsallake wannan zagaye ta shiga sahun takwas na ƙarshe, inda ake fara lissafa mutum cikin manya. Wata 'yar ƙasar Tailan mai suna Tamarine Tanasugarn ta zo bakin wannan ƙofa sau shida tsakanin 1998 da 2004, sau shida kuma aka mayar da ita gida. Lokacin da ƙofar ta buɗe mata, shekarunta 31, kuma da yawan masu bin wasan sun riga sun cire ta daga lissafi.

A Los Angeles ta Amurka aka haife ta, ranar 24 ga Mayu, 1977. Tana da shekara biyar iyayenta suka koma gida Bankok da ita. Mahaifinta, Virachai, lauya ne, amma kafin nan ɗan wasa ne: ya buga wa Tailan ƙwallon kwando. Shi ne ya tsaya a kan horonta tun tana ƙarama. A wancan lokaci tanis ba shi ne wasan da ke tara jama'a a Tailan ba. Can ana maganar damben gargajiyarsu ne, Muay Thai, da ƙwallon ƙafa. Zinarensu na farko a Olamfik ma a dambe suka samo shi, a Atlanta a 1996, ta hannun Somluck Kamsing. A wannan gasa ce Tamarine ta fara wakiltar ƙasarta a Olamfik, tana da shekara 19, ta kuma sake zuwa a 2000 da 2004 da 2008.

Tammy, kamar yadda kowa ke kiranta, ta shiga sahun ƙwararru a 1994. Shekara guda bayan haka ta kai wasan ƙarshe na matasa a Wimbledon, inda Aleksandra Olsza ta ƙasar Polan ta doke ta. Tun daga nan aka fara ganin abin mamakin da zai bi ta har ƙarshen wasanta. Yarinyar da ta tashi a ƙasa mai zafi da ruwan sama, ta koyi wasa a kan daɓe mai tauri kamar kowane yaro a Bankok, ita ce ciyawar Ingila ta fi karɓa.

Sai an kalli yadda ƙwallo ke tafiya a kan ciyawa kafin a gane dalili. A filin jar ƙasa, irin na gasar Faransa, ƙwallo na faɗuwa ya yi jinkiri ya tashi sama, har ya kai kafaɗa. Doguwar 'yar wasa mai ƙarfin hannu ce ke jin daɗin wannan. A kan ciyawar Wimbledon kuwa, wadda ake askewa zuwa milimita 8, ƙwallo ba ya tashi, zamewa yake yi ƙasa-ƙasa da sauri, wani lokaci bai wuce gwiwa ba. Tsayin Tamarine mita 1.65 ne. Bugunta na buɗe wasa ba shi da ƙarfin da zai tsorata kowa, kuma a zamanin su Venus Williams da Lindsay Davenport wannan babbar naƙasa ce. Amma tana tsayawa daf da layi, ta durƙusa, ta tari ƙwallo da wuri kafin ya gama tashi, ta mayar da shi a miƙe ba tare da ta murɗa shi ba. Ƙarfin da abokiyar karawa ta aiko da shi, da shi take rama mata. Doguwar mace sai ta ga dole ta riƙa sunkuyawa tana tono ƙwallo daga wajen idon sawu, tun farkon wasa har ƙarshe. Gajartar da ke cutar da Tamarine a Faris, ita ce jarinta a Landan.

Matsalar ita ce ciyawa ba ta daɗewa. Cikin shekara guda ta wasanni, makonni kaɗan ne na watan Yuni da farkon Yuli ake bugawa a kanta. Kamar manomin da damina ɗaya tak yake jira, abin da za ta samu mai tsoka sai ta same shi cikin wannan ɗan lokaci, sauran watannin kuma ta yi ta fama a filayen da suka fi dacewa da wasu.

Kuma waɗanda ke tare mata hanya a zagaye na huɗu ba ƙananan mutane ba ne. A 1998 Martina Hingis ce, ta ɗaya a duniya kuma mai riƙe da kofin. A 2000 Serena Williams ce. A 2002 Monica Seles ce. Shekara biyar a jere, daga 1998 zuwa 2002, tana kaiwa wannan mataki, sannan ta ƙara a 2004. A ganina wannan kaɗai ya isa a girmama ta, domin akwai 'yan wasan da suka fi ta suna da kuɗi da ba su taɓa jera irin wannan a Wimbledon ba. Amma jaridu ba sa buga labarin wadda ta fita a zagaye na huɗu.

A waɗannan shekarun ne tanis ya samu shiga a Tailan. A Janairun 2000 ita da Paradorn Srichaphan suka je gasar Hopman a Perth ta Ostareliya, gasar da kowace ƙasa ke turo namiji ɗaya da mace ɗaya, suka kai wasan ƙarshe, Afirka ta Kudu ta doke su. A watan Mayun 2002 Tamarine ta zama ta 19 a jerin gwanayen mata na duniya, matsayi mafi girma da ta taɓa kaiwa. A 2003 ta ɗauki kofinta na farko na manyan gasannin mata a Hyderabad ta Indiya, bayan ta sha kaiwa wasan ƙarshe tana faɗuwa. Shi kuwa Paradorn, a wannan shekarar ya zama na 9 a duniya, namiji na farko daga nahiyar Asiya da ya shiga goma na farko. Duk hasken ya koma kansa, kuma ya cancanta. Sai dai shi ma, da duk ɗaukakarsa, zagaye na huɗu ne iyakarsa a manyan gasanni huɗu na duniya, waɗanda Wimbledon ke cikinsu.

Akwai wani abu da ya faru a ƙarshen 2003 da ke nuna yadda rabo yake. Tamarine ta haɗu da wata yarinya 'yar Rasha mai shekara 16 a wasan 'yan bibbiyu, suka ci kofi biyu, ɗaya a Tokyo ɗaya a Luxembourg. Sunan yarinyar Maria Sharapova. Da Yuli ya zagayo, Sharapova ta ɗaga kofin Wimbledon tana da shekara 17. A wannan gasar ce Tamarine ta fita a zagaye na huɗu karo na shida.

Daga nan al'amura suka lalace. Matsayinta ya yi ta zamewa har ta fita daga ɗari na farko. A tanis wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin babu albashi, babu kulob da zai ɗauki nauyinka. Kuɗin jirgi da na otal da na mai horarwa duk daga abin da ka ci a fili suke fitowa. Wanda ya fita daga ɗari ba ya shiga manyan gasanni kai tsaye, sai ya bi ta wasannin share fage, ya ci uku a jere kafin a sa sunansa cikin 128. A 2006, matar da ta kai zagaye na huɗu sau shida sai da ta bi wannan layi tare da yara masu neman suna. Har ta fara maganar ajiye raket. Ta tsallake share fagen, ta kai zagaye na uku, sai ta fasa.

Yuni 2008, a garin Rosmalen na ƙasar Holan, gasar da ake yi a kan ciyawa mako guda kafin Wimbledon. Tamarine ta kai wasan ƙarshe, ta tarar da Dinara Safina, wadda makonni biyu kafin nan ta buga wasan ƙarshe na gasar Faransa. Ta doke ta 7-5, 6-3. Shekara biyar ke nan rabonta da kofin ɗai-ɗai a manyan gasannin mata. Ta tsallaka Landan a matsayin ta 60 a duniya, ta fitar da Vera Zvonareva a zagaye na biyu, ta fitar da Marina Erakovic a na uku.

Ranar Litinin 30 ga Yuni, ga ta a zagaye na huɗu karo na bakwai. Abokiyar karawarta Jelena Jankovic ce 'yar Sabiya, wadda aka ba lamba ta biyu a gasar. Ba a babban fili aka sa su ba, an tura su Fili na 18, can gefe, abin da ya ɓata wa Jankovic rai har ta yi ƙorafi bayan wasa. Gaskiya ne kuma Jankovic na fama da ciwon gwiwa da ta samu a wasan da ya gabata, bai kamata a ɓoye wannan ba. Amma ciwon abokin karawa bai taɓa ci wa mutum wasa ba. 'Yan wasa nawa ne suka ga nasara a gabansu, hannu ya ɗauki rawa, suka zubar? Balle wadda ta san ɗacin wannan zagaye sau shida. Tamarine ba ta yi rawa ba. Ta riƙa aika ƙwallo ƙasa-ƙasa daga wannan kusurwa zuwa waccan, tana sa Jankovic gudu da lanƙwasa gwiwa, har aka tashi 6-3, 6-2. A ranar ta zama mutum na farko daga Tailan, namiji ko mace, da ya kai sahun takwas na ƙarshe a wasan ɗai-ɗai na ɗaya daga manyan gasanni huɗu. Makonni shida bayan haka Jankovic ta zama ta ɗaya a duniya.

Washegari Venus Williams ta tsayar da ita, 6-4, 6-3, ta kuma wuce ta ɗauki kofin karo na biyar.

Da labarin ya tsaya a nan, da sai a ce sa'a ce ta mako uku. Bai tsaya ba. A 2009 ta koma Rosmalen kare kofinta, ta sake haɗuwa da Safina a wasan kusa da na ƙarshe, a wannan karo Safina ce ta ɗaya a duniya. Ta sake doke ta, 7-5, 7-5, sannan ta gama da Yanina Wickmayer 'yar Beljiyam ta riƙe kofin.

Wasan da na fi so a tuna da shi kuwa shi ne na Osaka, a Oktoban 2010. Tamarine mai shekara 33 ta kai wasan ƙarshe, ta tarar da 'yar gida Kimiko Date-Krumm mai shekara 40. Kimiko ta taɓa zama ta 4 a duniya, ta bar wasa a 1996, ta shafe kusan shekara goma sha biyu a waje, sannan ta dawo a 2008. Shekarun su biyun a haɗe 73, kuma kafin ranar ba a taɓa yin wasan ƙarshe a manyan gasannin mata da shekarun masu karawa suka kai haka ba. Dukkansu gajeru ne, dukkansu masu bugu a miƙe, dukkansu sun fara wasa tun wasu daga cikin waɗanda suka fitar a makon suna rarrafe. Japan gaba ɗaya na bayan Kimiko, domin da ta ci da ta karya tarihin Billie Jean King, wadda ta ɗauki kofi tana da shekara 39 a 1983. Tamarine ta ci zubin farko 7-5, Kimiko ta ƙwace na biyu da kyar, a na uku ƙafafun Kimiko suka gaza, aka tashi 6-1. Kofi na huɗu ke nan, kuma uku daga cikin huɗun bayan ta haura talatin ta ci su. A wannan shekarar ce kuma ta kammala digirin lauya a Jami'ar Bankok, sana'ar mahaifinta. A 2011 ita da Erakovic, wadda ta fitar a 2008, suka kai wasan kusa da na ƙarshe na 'yan bibbiyu a Wimbledon.

Saura bashi ɗaya. A gasar ƙasashen Asiya ta 1998, a gida Bankok, ta kai wasan ƙarshe, Yayuk Basuki ta Indonesiya ta bar ta da azurfa. A 2002 a Busan ta sake kaiwa, Iroda Tulyaganova ta Uzbekistan ta sake barin ta da azurfa. Sai a 2014, a Incheon ta Koriya ta Kudu, tana da shekara 37, ta shiga wasan 'yan bibbiyu da Luksika Kumkhum, yarinyar da aka haifa shekara guda kafin Tamarine ta zama ƙwararriya. A wasan ƙarshe suka kara da 'yan Taiwan, cikinsu har da Hsieh Su-wei, wadda a wannan shekarar ta riƙe matsayin ta ɗaya a duniya a wasan bibbiyu. Aka ci su zubin farko, suka farke, suka ɗauki zinare.

Tamarine ba ta taɓa cin ko ɗaya daga manyan gasanni huɗu na duniya ba, ba ta kuma taɓa shiga goma na farko ba. Wanda ke auna ɗan wasa da waɗannan biyu kaɗai zai wuce sunanta bai tsaya ba, kuma ina ganin ya yi kuskure. Ta shafe sama da shekara ashirin tana karawa da matan da suka fi ta tsayi da ƙarfi, daga zamanin Seles zuwa na Sharapova, da kofi huɗu na ɗai-ɗai da takwas na bibbiyu. Daga baya ta shiga aikin 'yan sandan Tailan. Har ta sanar da ritayarta a 2016, babu wata 'yar ƙasarta da ta kai matsayi na 19 a duniya, babu kuma wani ɗan Tailan da ya maimaita abin da ta yi a Wimbledon.