Dafin Da Ba Ya Ruɓewa Cikin Ruwa

A Jihar Bajiniya ta Yamma, cikin ƙasar Amurka, an yi wani manomi mai kiwon shanu kusa da garin Parkersburg. Shanunsa suna sha a wani rafi da ya biyo ta inda kamfanin DuPont ke zubar da shara. Sai suka shiga ramewa, haƙoransu suna yin baƙi, har fiye da 100 suka mutu. Cikin 1999 ya kai ƙara, sa'an nan asiri ya tonu. Ashe ruwan na ɗauke da wani dafi da ake kira PFOA, wanda a da ake aiki da shi wajen yin Teflon, watau abin da ake shafa wa kaskon suya don kada abinci ya kama.

Wannan dafi yana da dangi dubbai, ana ce musu PFAS. Abin da ya sa ba sa ruɓewa shi ne, kabon da fulorin da ke cikinsu sun riƙe juna gam. Tafasa ba ta kashe su, haka kuma kulorin da ake zuba wa ruwan famfo. In dabba ta sha, sai su zauna a jininta, su fito a nono. A Jihar Maine an same su cikin madarar wata gona a 1916 da ɗari, watau 2016, saboda takin laka na magudanar birni da aka daɗe ana zubawa. Cikin 2022 hukuma ta hana zuba irin takin nan.

To, masana sun sami dabarar ƙona su cikin ruwa. Da fari akan tace ruwan da gawayi na musamman, ko a tara dafin cikin kumfa, don ya taru wuri guda. Sa'an nan a zuba cikin tukunyar ƙarfe, a matse ƙwarai, a hura zafi ya wuce digiri 374, a sa iskar oksijin. A nan ne riƙon yake tsinkewa. Kabon ya fita ya zama irin iskar da mutum ke fitarwa wajen numfashi, fulorin kuwa a kama shi da farar ƙasa.

Amma aikin yana da tsada ainun, ba kuwa a iya wanke gona ko rafi da shi. Saboda haka ya kamata manomi ya bincika asalin takin da zai saya, ya kuma nisantar da garkensa daga ruwan da ke fitowa daga masana'anta. Rigakafi ya fi magani.