Lissafin Kashi Cikin Ɗari: Jan Kunne Ga 'Yan Kasuwa

Tun ranar 1 ga Janairu, 1973, da Naira ta maye gurbin Fam, kwabo ɗari ke yin Naira guda, lissafin kashi cikin ɗari kuwa ya sauƙaƙa ƙwarai. Duk da haka ana tafka asara a kasuwanni irin na Oshodi da Agege saboda rashin bin ƙa'ida.

Ga misali. Ɗan kasuwa ya sari turmin atamfa ₦10,000, ya ɗora ribar kashi 20 cikin ɗari, kuɗi ya zama ₦12,000. Mai saye ya nemi ragi, sai ya rage masa kashi 20, yana zaton uwar kuɗinsa ta tsira. Ina! Kashi 20 na ₦12,000 shi ne ₦2,400. Ya sayar ₦9,600 ke nan, ya faɗi ₦400, domin kuɗin da ya yi ragi a kansa ya fi wanda ya ɗora wa riba.

Wajibi ne kuma a gama ninkawa da rabawa kafin tarawa da ɗebewa. A 2020 harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5. Kayan ₦10,000 ana lissafa su haka: 10,000 + 10,000 × 7.5 ÷ 100. A fara fitar da harajin, wato ₦750, sannan a tara; mai saye ya biya ₦10,750.