Yadda Muka Warware Sarƙaƙiyar Manhajar Gwaji

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in ɗan yi muku bayani a kan wani aiki da muka yi a ƙungiyar kwamfuta ta makarantarmu.

A bara malaminmu ya sa mu rubuta wata 'yar manhaja da harshen Python, wadda za ta tara makin kowane ɗalibi, ta fitar da matsayinsa a aji. Wannan kuwa ba abin wasa ba ne, domin idan lissafi ya karkace, wanda ya zo na uku sai ya koma na goma, ya je gida ya sha faɗa a banza. Saboda haka muka rubuta ƙananan gwaje-gwaje guda 20. Gwaji shi ne a ba manhaja makin da mun riga mun san amsarsa, a ga ko za ta faɗi daidai.

Don sauƙi, sai muka yi wa gwaje-gwajen mataimaki guda ɗaya, irin abin da masu wannan ilmi ke kira aji, amma ba ajin karatu ba. Shi ke buɗe fayil ɗin maki, shi ke ƙirƙiro ɗaliban ƙarya, shi ke riƙe da rabon maki, watau 30 na aikin aji da 70 na jarrabawa, shi ne kuma ke buga sakamako.

Rannan aka ce rabon ya koma 40 da 60. Muna taɓa mataimakin nan sai gwaje-gwaje duka suka faɗi, har da waɗanda ba ruwansu da rabon maki. Muka rasa ko laifin manhajar ne ko na mataimakin. Malam ya ce wannan ita ce sarƙaƙiya, watau kowane sashe ya rataya a wuyan ɗan'uwansa. Ya ce tun 1972 wani masani, David Parnas, ya nuna cewa ya kamata kowane sashe ya ɓoye sirrin aikinsa, don in an canja shi kada sauran su girgiza. Maganin kuwa shi ne gyaran tsari, wanda Martin Fowler ya yi wa littafi a 1999. Ma'anarsa a gyara cikin manhaja ba tare da an canja abin da take yi ba.

Ga yadda muka yi. Da farko muka mayar da komai yadda yake a da, har gwaje-gwaje 20 suka sake cin nasara. Na biyu, muka raba mataimakin gida uku: mai ƙirƙiro ɗalibai, mai karanta fayil, da mai buga sakamako. Na uku, muka cire rabon maki daga cikinsa, kowane gwaji ya riƙa miƙa nasa rabon. Na huɗu, gwajin da ba ya bukatar fayil muka ba shi maki biyu ko uku kai tsaye. Bayan kowane ɗan canji sai mu sake gwadawa, domin sannu ba ta hana zuwa.

Da muka gama, sai muka sa sabon rabon. Gwaji biyu kaɗai suka bukaci gyara. Har ila yau, da yake rubuta sabon gwaji ya yi sauƙi, muka gwada ɗalibai biyu masu maki ɗaya, sai muka tarar manhajar tana ba ɗaya na biyu, ɗaya na uku. Muka gyara wannan kuskure kafin a raba katin sakamako.

To, jama'a, duk wanda zai rubuta manhaja, ya ba kowane sashe aikinsa ɗaya tak. Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, amin.