Brian Greenwood: daga asibitin Zariya zuwa ƙauyukan Gambiya

Duk mai ƙananan yara a Arewa ya san ma'aikatan da ke bi gida-gida da damina, suna ba 'yan ƙasa da shekara biyar maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro wata-wata. Cikin waɗanda suka share fagen wannan tsari akwai Brian Greenwood, likita ɗan Ingila, masanin yaɗuwar cututtuka.

A 1965 ya sauka Ibadan, a 1970 ya koma Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi shekara goma a Zariya. A nan ya haɗu da sanƙarau. Da zafin bazara ya kankama sai asibiti ya cika da yara masu sandararren wuya, da ruwa ya sauka sai cutar ta lafa. Me ya sa? Shi da abokan aikinsa suka fita daga asibiti, suka riƙa ɗaukar samfuri daga maƙogwaron mutane masu lafiya. Suka gano ƙwayar cutar ba ta daina yawo tsakanin jama'a da damina. Yawan waɗanda take kayarwa ne ke raguwa. Ana kyautata zaton busasshiyar iska da ƙura ke raunana hanci da maƙogwaro, su buɗe mata ƙofa. A ganina wannan fita ce ta mayar da shi abin da ya zama, domin likitan da ya tsaya bakin gado waɗanda suka kwanta kaɗai yake gani.

A 1980 ya tafi Gambiya, ya shugabanci cibiyar binciken lafiya ta MRC shekara 15. Can aka nuna, a binciken da ya fito a 1991, cewa gidan sauro mai magani yana rage mutuwar yara ƙwarai. Can ma aka gwada ba yara maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro a lokacin damina, dabarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince da ita ga yankin Sahel ba sai 2012. Jinkirin nan yana da ciwo. Yara da yawa sun tafi kafin a yanke shawara.

Tsufa bai zaunar da shi ba. A 2021, yana da shekara 80 da ɗoriya, yana cikin jagororin gwajin da aka yi a Mali da Burkina Faso, wanda ya nuna haɗa allurar rigakafi ta RTS,S da maganin damina ya rage kwanciya asibiti da mutuwa saboda zazzaɓin da kusan kashi 70 cikin 100, in aka kwatanta da ɗayansu shi kaɗai.